Wasan Roka: A Ba Samari Fili Da Mabuɗi Kafin Su Ɗauki Ashana

Akwai wata magana da ya kamata iyaye da malaman makaranta da hukuma su yi tun da sauran rana, domin in aka jinkirta, a bakin gadon asibiti za a yi ta. Maganar kuwa ita ce ta samarin nan masu sha'awar ƙera roka. A yau duk yaron da ke da wayar hannu yana iya kallon takwarorinsa na wasu ƙasashe suna harba 'yan ƙananan rokoki sama, rokokin kuma su sauko a hankali a ƙarƙashin laima, ana tafi ana sowa. Abin da hoton ba ya nuna masa shi ne doguwar wayar da ke tsakanin mai harbin da rokarsa, da mabuɗin da ke hannun malaminsa, da faɗin filin da aka auna tun ba a fito da kaya ba. Shi tashin kaɗai ya gani, tashin kuma zai kwaikwaya da abin da hannunsa ya kai gare shi, watau guntun bututun ƙarfe da kan ashana da albarushin maharba.

Bisa al'ada mutanenmu kan kasu kashi biyu a kan irin wannan yaro. Akwai 'yan tafi, waɗanda da zarar sun ji wani matashi ya haɗa wani abu mai hayaƙi sai su kewaye shi da kirari, su ce ga fasihi ya bayyana, gwamnati ta zo ta gani. Akwai kuma 'yan hani, waɗanda ba su da wata amsa sai a kama, a ƙwace, a zane. Mu a ganinmu duka ɓangarorin nan biyu wuri guda suke barin yaron, watau shi kaɗai a bayan ɗaki da wuta a hannunsa. Na farko sun zuga shi ba su koya masa kome ba, na biyu sun kore shi zuwa inda ba mai ganinsa.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan al'amari ya tunkara ba. Tun kafin Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, ran 4 ga watan Oktoba, 1957, samarin Amurka sun riga sun fara dama makamashi a cikin gidajen iyayensu, da tauraron ya tashi kuwa sai abin ya zama ruwan dare. Yaro zai ɗura garin da ya haɗa a cikin bututun ƙarfe, ya danna shi da sanda, ya kunna ashana ya ruga. Bututun ƙarfe da aka cika da irin wannan gari, bambancinsa da bom ɗan ƙaramin rami ne a gindinsa. In ramin ya toshe ko garin ya tsage, to, bom ɗin ne ke nan. Yara da yawa sun rasa yatsu da idanu, wasu sun rasa rayukansu, har jama'a suka fara kiran a haramta wasan baki ɗaya.

Kada kuma a ce ƙuruciya ce kaɗai ta jawo. Max Valier, ɗaya daga cikin gwanayen roka na Jamus, injinsa ne ya fashe a gabansa a birnin Berlin ran 17 ga watan Mayu, 1930, ɓarɓashin ƙarfe ya kashe shi. Reinhold Tiling ya mutu a 1933 tare da mataimakansa 2, suna cikin danna albarushi a ɗakin aikinsu. Ko a wannan ƙarni, ran 22 ga watan Agusta, 2003, injin wata babbar roka ya kama da kansa a sansanin Alcântara na ƙasar Barazil, mutum 21 suka halaka, injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata. In wuta ba ta raga wa waɗannan ba, ɗan aji uku na sakandare fa?

Waɗanda suka fitar da Amurka daga wannan ƙangi mutum uku ne, kuma babu ɗan sanda ko alƙali a cikinsu. Na farko Orville Carlisle, mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, wanda ya san aikin wasan wuta kuma yana da lasin yinsa. A 1954 shi da ɗan'uwansa Robert suka ƙago wani ɗan ƙaramin inji mai jikin takarda da bakin yumɓu, wanda ake sawa a roka a harba sau ɗaya a jefar, a sa sabo. Na biyu G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kula da lafiyar harbi a filin gwajin rokoki na soja da ke White Sands. Carlisle ya karanta wata maƙala da Stine ya rubuta, sai ya aika masa da samfurin injinansa a farkon 1957, a cikin shekarar nan kuwa suka kafa ƙungiyar masu wasan roka wadda a yau ake kira NAR, Stine ya tsara mata ƙa'idodi bisa abin da ya saba gani a filin soja. Na uku Vernon Estes na birnin Denver, wanda ya ƙera wata na'ura da ya laƙaba wa suna Mabel, mai fitar da inji guda a duk sakan 5 da rabi. Da inji ya yi araha, ya kuma zama kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, sai dalilin dama gari a gida ya gushe.

A lura da hikimar da ke nan. Mutanen nan ba su ce wa yaro ya daina ba, ba su kuma dogara ga hankalinsa ba, domin sun san hankalin yaro yakan tafi yawo a daidai lokacin da ake bukatarsa. Abin da suka yi shi ne suka raba aikin gida biyu. Ɓangaren da ke kisa, watau haɗa makamashi, suka ɗauke shi suka kai masana'anta. Ɓangaren da ke koyarwa, watau zanen roka da auna nauyi da yanka fukafukai da lissafin nisan tashi, suka bar wa yaro. Sa'an nan suka cika tsakaninsa da wutar da kayan aiki waɗanda ko ya yi ganganci za su tare shi.

Bari mu ɗan tsaya a kan kayan nan, domin su ne gundarin maganar, kuma mai karatu zai yi mamakin rashin tsadarsu. Da farko ita kanta rokar: ƙa'idar NAR ba ta yarda a yi gangar jikinta ko hancinta ko fukafukanta da ƙarfe ba, sai da kwali da roba da itace marar nauyi. In inji ya fashe a cikin kwali, abin da zai watsu takarda ce. Nauyin rokar duka kada ya wuce giram 1,500, makamashin da ke cikinta kuma kada ya wuce giram 125. Injinan an jera su da haruffa, A, B, C, har zuwa gaba, kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi. In ka ga an rubuta C6-5 a jikin inji, harafin yana gaya maka ajinsa, lambar farko ƙarfin turawarsa, ta ƙarshe kuwa sakan nawa zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya tunkuɗo laima. Watau tun kafin a kunna, an san abin da zai faru da lokacin da zai faru. Wane mai dama gari a turmi ne zai iya faɗin haka game da nasa?

Kunnawa kuwa ba da ashana ake yi ba, ba kuma da lagwani ba. Wata siririyar waya ake cusawa a bakin injin, a jawo wayar lantarki daga gare ta zuwa wani ɗan akwatin batir da ke hannun mai harbi. Akwatin nan yana da abubuwa biyu da suka fi kome muhimmanci a filin. Ɗaya mabuɗi ne wanda in an zare shi wuta ba ta wucewa ko da an danna maɓalli sau ɗari. Ɗayan kuwa maɓallin ne, wanda da zarar an ɗaga yatsa yake komawa a kashe da kansa. Duk wanda zai je wajen roka ya gyara wani abu, da mabuɗin a aljihunsa zai tafi, don kada wani ɗan ƙiriniya ya danna masa a fuska. Tsawon wayar shi ne ma'aunin nisa: ƙafa 15 ga injin D da na ƙasa da shi, ƙafa 30 ga waɗanda suka fi. Kafin a danna kuma sai an ɗaga murya an yi ƙidaya da baya, kowa ya ji, kowa ya ɗaga kai.

Akwai wata ƙa'ida da muke so malamai su sa yara su haddace kamar karatun allo, ita ce ta roka da ta ƙi tashi. An danna, ba a ga kome ba. Nan ne zuciya ke raya wa mutum ya je ya leƙa, kuma nan ne idanu ke tafiya. Maharbanmu masu bindigar toka sun san wannan sarai, sun san bindigar da ta yi shiru ba lalle ta mutu ba ne. Ƙa'idar ta ce a zare mabuɗi, a tsaya inda ake har sakan 60 su cika, sa'an nan a matsa kusa. Minti guda ne tak, amma ga yaro mai ɗoki ya fi shekara, shi ya sa sai da babba a wurin.

Sai dandamalin harbi, wanda bai wuce ƙafafu uku da doguwar sandar ƙarfe siririya a tsaye ba. Amfanin sandar shi ne, fukafukan roka ba sa iya saita ta sai ta sami gudu iska tana bugunsu. A cikin ƙiftawar farko makauniya ce, tana iya karkata ta nufi 'yan kallo. Saboda haka ake manna ɗan bututu kamar tsinken shan lemo a gefenta, a zura shi a sandar, ta bi ta har ta sami gudun da za ta riƙe kanta. Ba a karkata sandar fiye da digiri 30 daga tsaye. A gindinta ana sa faifan ƙarfe don ya tare harshen wuta kada ya lashi ƙasa, a kanta kuma ana kifa murfi in ba a harbi, domin mai sunkuyawa kada ya tsokane idonsa. Kafin ma a kai ga dandamali akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a ɗaura igiya a daidai inda nauyin rokar ya daidaita, a yi ta juya ta a sama da kai. In hancinta ya fuskanci gaba, ta yi. In ta yi ta wuntsilawa, a ƙara mata nauyi a ka, kamar yadda kan ƙarfe ke jan mashi gaba.

Fili ma da ma'auninsa. Injin A yana bukatar fili mai faɗin ƙafa 100 aƙalla, B ƙafa 200, C ƙafa 400, D ƙafa 500, daga E zuwa G kuwa ƙafa 1,000. Ba a harbi in iska ta wuce gudun mil 20 a awa, ba a harbi kusa da busasshiyar ciyawa, ba a harba roka cikin gajimare ko kusa da jirgin sama, ba a kuma auna kowa ko kome da ita. In ta sauka a kan wayar lantarki ko ƙololuwar itace, an yafe ta. Duk wanda ya san hunturun ƙasar nan zai ga cewa waɗannan sharuɗɗa kamar da mu aka rubuta su. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga iska, ga hazo da ke ɓoye sama kamar gajimare, ga karan dawa da ciyawa sun bushe ƙayau, ga rumbuna cike da amfanin shekara. Tartsatsi guda ya isa ya mayar da wasan yara zaman makoki ga unguwa. Makarantar da za ta yi wannan abu sai ta zaɓi lokacinta, ta share filinta, ta ajiye ruwa da yashi a kusa.

Manya masu harba rokoki masu ƙarfi, daga injin H zuwa sama, su ma ba a sake musu ba. NAR da takwararta Tripoli, wadda aka kafa a 1964, suna ba da shaida hawa uku, ba a sayar wa mutum injin da ya fi hawansa. Nisan tsayawa yana ƙaruwa daga ƙafa 100 ga injin H har ƙafa 1,500 ga injin O, sai kuma an nemi izinin hukumar jiragen sama. A kowane taro akwai mutum guda, mu kira shi sarkin fili, wanda ke duba kowace roka, in ya ce ba za ta tashi ba, magana ta ƙare ko da ta shugaban ƙungiya ce. Da irin wannan horo ne wasu masu sha'awa, ba gwamnati ba, suka harba roka daga hamadar Black Rock ta jihar Nevada ran 17 ga watan Mayu, 2004, ta haura kimanin kilomita 116, ta shiga sararin samaniya.

NAR ta ce an harba ƙananan rokoki fiye da miliyan 500 tun da aka fara wasan. Ba za mu ce ba a taɓa samun hatsari ba. A 2015 roka ta faɗo wa wani mutum a wurin taron 'yan sikawut a jihar Kalifoniya, ya rasu. Amma wasan da a dā ake kiran a haramta shi, yau malaman firamare ne ke kai yara su yi shi.

Za a ce mana ai ga Homer Hickam, ɗan ma'aikacin haƙar kwal na ƙauyen Coalwood, wanda shi da abokansa suka riƙa haɗa nasu makamashin, suka ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa a 1960, daga baya ya zama injiniya a hukumar NASA. Gaskiya ne. Amma bisa labarin da shi kansa ya bayar a littafinsa na 1998, rokarsu ta farko shingen lambun mahaifiyarsa ta tarwatsa, kuma al'amarinsu bai daidaita ba sai da aka ba su wani fili nesa da gari, suka gina ɗan ɗakin fakewa, malamarsu ta samo musu littafi, ma'aikatan kamfani suka taimaka musu da ƙira. Sa'a ta kai su har inda manya suka karɓe su, waɗanda ba ta kai ba kuwa ba su rubuta littafi ba. Haka Robert Goddard, wanda ya harba roka mai makamashin ruwa ta farko a duniya ran 16 ga watan Maris, 1926: da gwajinsa na 1929 ya firgita maƙwabta, hukumar kashe gobara ta hana shi harbi a wurin, amma sai aka ba shi filin soja, daga baya ya koma hamadar Roswell. Hanin da ya zo tare da fili ke nan. Wanda kuwa ya bi son ransa, kamar Mike Hughes da ya shiga cikin rokar tururi ta ƙirar hannunsa, ya faɗo ya mutu a Kalifoniya ran 22 ga watan Fabrairu, 2020, kyamarori na ɗauka.

Hujjar 'yan hani da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba ma raina ta. Ƙasar da ta sha binne 'ya'yanta saboda bama-bamai tana da haƙƙin yin tsaye a kan duk abin da ke fashewa. Tun 1964 Nijeriya ta kafa dokar abubuwa masu fashewa, kuma ba a yarda kowa ya haɗa su ko ya ajiye su ba sai da lasin. Muna goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Yaron da ke dama gari a ɗakinsa ya karya doka, bayan ya sa kansa da ƙannensa cikin halaka. Sai dai a duba: albarushin da ke cikin injin C bai kai giram 15 ba, yana danne a cikin takarda, da lamba a jikinsa. Wanne ya fi sauƙin sa ido, kwalin injina da ke kulle a ma'ajiyar makaranta ana rubuta kowane ɗaya da ya fita a littafi, ko yara dubu kowa yana nasa gwaji a ɓoye?

Wasu kuma za su ce mai neman abin da zai sa a bakin salati ina ruwansa da roka. Amsarmu gajera ce. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha ya tashi a watan Satumba, 2003. NigComSat-1 daga ƙasar Sin ya tashi a 2007, ya lalace a 2008, wanda ya maye gurbinsa a 2011 shi ma daga Sin. NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila, daga Rasha aka harba shi a 2011. Kowane ɗaya a kan rokar wasu ya hau, da kuɗinmu. Waɗanda za su canza wannan yanzu suna makarantun sakandare, kuma muna bukatarsu da yatsunsu goma.

Saboda haka muna kira ga NASRDA, wadda take da cibiyar nazarin injinan roka a Epe ta jihar Legas, da ta ɗauki wannan nauyi: ta fitar da ƙa'idar harbi a shafi guda, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar nan, ta horar da malaman kimiyya su zama sarakunan fili, ta kuma zama ita ce mai gwada injina da ba da izinin shigo da su ga makarantu da jami'o'i kaɗai. 'Yan sanda da hukumar kula da jiragen sama su keɓe filaye nesa da filayen jirgi da barikoki, a san ranakun harbi, a sanar da hakimi da mai unguwa don kada ƙara ta tayar da hankalin jama'a.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da kowace makaranta za ta iya farawa a wannan zango, babu wuta babu lasin, watau rokar ruwa. Gorar roba ce ta lemo, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a manna fukafukan kwali, a hura iska da famfon keke, a saki. Ka'idar da ke ɗaga ta ita ce mai ɗaga kumbon 'yan sama jannati: ka tura abu baya, shi kuma ya tura ka gaba. 'Yan makaranta a Japan sun daɗe suna gasa da ita, kuma ɗaliban Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun harba wata ta musamman har mita 830 a 2015. Ita ma ba a yi mata sakaci, domin gora tana fashewa in iska ta yi mata yawa. Ba a amfani da kwalba, ba a sa ƙarfe a hancinta, tiyon famfo ya zama dogo, a kuma saki gorar da igiya daga nesa, ba da hannu ba. A nan ne yaro zai saba da auna fili da ƙidaya da jiran izinin sarkin fili, tun kuskurensa bai wuce jiƙa riga ba.

Shugaban makarantar da ɗalibi ya kawo masa bututun ƙarfe cike da gari ranar baje kolin kimiyya, kada ya ba shi kyauta, kada kuma ya kore shi. Ya fitar da yara daga ɗakin, kada kowa ya taɓa bututun ko ya yi ƙoƙarin buɗe shi, ya kira waɗanda aikinsu ne su ɗauke shi. Washegari ya kira yaron da mahaifinsa, ya miƙa masa gora da famfon keke da igiya ƙafa 30, ya ce masa ranar Asabar a filin ƙwallo, shi ne zai yi ƙidaya.